Yatsu Huɗu a Igiyar Kindamba

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Jami'ar daji ta gunduma ta iso. Na zaci irin na bara za a turo mana, mai tumbi, a cika shi da shinkafar kwakwa da kaza, ya sa hannu ya koma Kilwa yana gyatsa. Sai ga wata 'yar siririya a kan babur, ko shayin da na dafa ba ta kalla ba. Na ce, "'Yata, zauna ki sha iska, dajin Ngalipa ba gudu zai yi ba." Ta ce, "Mama Somoe, na ga dazuzzukan da suka gudu." Ka ji bakin yarinya. Da a kasuwa muka haɗu da mun ƙulla ƙawance.

Kututturan mpingo, baƙin itacen nan mai tsada, da garinmu ya sayar wa Mtopa mai katako watan jiya ta zo dubawa, da tef ɗin awo irin na magina a ƙugunta. Yaya Kindamba ne ya shige mata gaba, tunda shi ne shugaban masu gadin daji, yana ɗingishi da ƙafar nan da ba ta gama warkewa ba. Da suka zo wuce shagona ya ɗaga hannu ya ce, "Auta, ajiye mini kan kifi."

Ciniki ba laifi. Gishiri ya kusa ƙarewa.

Litinin, bayan la'asar

Sun dawo. Ba wanda ya tambayi kan kifi.

Ta ce a kawo mata igiya. Akwatin kwamitin daji a shagona yake tun da rufin ofis ya fara yoyo, fenti da takardu da igiyar duk a ciki, makulli kuma a zanina. Na buɗe na miƙa mata, hannuna bai yi rawa ba. Shekara ashirin da shida ina auna wa mutane riɗi suna zuba mini ido, hannuna ya daina rawa tuntuni.

Dokar dajinmu ko akuyar garin nan ta san ta. A zagaya bishiyar mpingo da igiya daidai gwiwar mutum. In bakunan igiyar suka haɗu, yarinya ce, a bar ta. In suka kasa haɗuwa, ta isa, a shafa mata jan fenti. Tef ɗin da ƙungiyar kare daji ta ba mu ya tsinke tun shekara biyar, Yaya ya zauna ya tufka wannan da ɓawon kuka, daidai wa daida, ba ƙari ba ragi. Mutane har rantsuwa suke yi da ita.

Yarinyar ta shimfiɗa igiya a kan tebirina, ta ja tef a gefenta. Ta sake ja. Ta ce igiyar ta gaza. Bishiya talatin da bakwai aka sare ba su isa ba.

Yaya ya ɗauki bakin igiyar ya murza ƙullin tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana kallonsa. Bai kalle ni ba.

Talata, 5 ga Agusta, da sassafe

Ɓawon kuka yana tsukewa in ya tsufa. Haka na faɗa wa mata a bakin famfo, kuma sun yarda, don yadda na faɗa ko ni na kusa yarda.

Alhamis, 7 ga Agusta, da azahar

Baba Ngaunje, shugaban gari, ya tara kwamiti a gindin mangwaro ya karanta takardar da jami'ar ta bari. Igiya ba tsukewa ta yi ba, yanke ta aka yi aka sake ƙullewa. An dakatar da mu sayar da itace sai gari ya fito da wanda ya yi. Za a yi taron gari ranar Juma'a 22 ga wata. Wanda aka samu, a cire shi daga kowane muƙami, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka dajin gari ba har ya mutu. Mu muka rubuta wannan dokar da kanmu shekara goma sha biyu da suka wuce, ni ce ma na ce a ƙara "har ya mutu", aka tafa mini.

Amyoyin zuman Yaya sittin suna rataye a cikin dajin nan. Ba shi da wani abu a duniya bayansu.

Wani ya ce ai igiyar a shagon Somoe take kwana. Na yi dariya na ce, "To, ku zo ku bincika, wataƙila kifi ne ya ci." Aka fashe da dariya, aka wuce wurin. Wani kuma ya ce wa ke ɗaukar igiyar kullum, wa ya dangwala yatsa a takardar fenti? Wannan karon ba a yi dariya ba.

Ranar da aka yi fentin Yaya yana kwance, ƙaya ta kumbura masa ƙafa kamar tulu. Abokan gadinsa ne suka zagaya da igiyar, suka kawo masa takarda har gado ya dangwala. Kowa ya san haka. Ba wanda ya faɗa. Ni ma na san haka, ai da na san yana tsaye da ƙafarsa da ban...

Mai sayen gishiri ya zo.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Na canza wa gwangwanin shayi wuri. Daga kan kanta zuwa bayan buhun gishiri. Daga baya na mayar da shi.

Lahadi, 10 ga Agusta, da hantsi

Yau ba kasuwa, bari in rubuta abin da ba a karanta wa kowa a gindin mangwaro.

Shekara goma masu farar mota, 'yan ƙungiyar kare daji, suna biyan masu gadi. Kowane wata, ba fashi, har da takalma da ruwan sha a gora. Ranar da suka gama da mu suka yanka akuya biyu, suka raba riguna masu hoton bishiya, wani dogo ya tsaya ya ce Ngalipa ta girma, daga yau daji zai ciyar da kansa. Muka yi ta guɗa. Ni da na san ciniki na ce a raina, wanda ya yi maka irin wannan yabon, sallamarka yake yi.

Daji ya ciyar, ba ƙarya. Ya yi wa makaranta rufi. Ya haƙa famfo a bakin kasuwa, taku ashirin daga shagona, na gode. Ya saya wa kwamiti kujerun roba, har da tawa. Amma duk abin da daji ya haifa a tsakiyar gari yake sauka. 'Yan unguwar Gefen Daji, su Yaya, su da aka karɓe gonakinsu aka shata iyaka, rabonsu birai a masara da giwa a rogo. In an zo rabo, a fara da gunduma, sai makaranta, sai asibiti, sai ofis, masu gadi su ne a ƙarshen layi, kuma tukunya ba ta taɓa kai wa ƙarshen layi ba. Damina biyu ke nan suna yawo a daji a kan "baɗi in Allah ya so". Su goma ne da, yanzu saura uku.

A watan Afrilu matar Yaya, Mwanahawa, ta zo shago da yamma, ta tsaya har kowa ya watse, ta ce in ba ta ɓurɓushin kifin da ke ƙasan kwando, na kyanwa. Na zuba mata da yawa, na haɗa da manya uku a ƙasa. Ba su da kyanwa. Yaya ba ya shiri da kyanwa tun muna yara.

A cikin wannan mako na Afrilu ne Mtopa ya ce bishiyoyin da suka isa sara ba za su cika motarsa ba, ba zai shigo da mota don rabin lodi ba.

Yatsu huɗu. Ko tsawon kifi ƙarami bai kai ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da rana tsaka

Mtopa ya biyo a babur, ya tsaya bai kashe inji ba. Ya ce, "Mama, ni na sayi abin da aka shafa wa fenti, ban san igiya ba, ban san zare ba." Na ce, "Wa ya tambaye ka, uban 'yan tsoro?" Ya ce, "Ina dai faɗa." Na ce, "Kai da ko bishiyar masallaci aka shafa wa ja sai ka loda." Ya yi dariya ya ja babur. Gaskiyarsa, bai san komai ba. Baƙin itacen yana can cikin jirgin ruwa, za a sassaƙa wa Turawa abin busa da shi. Ina ma in ji irin kukan da yarinyar bishiya take yi in an busa ta.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan masallaci

Ya wuce ta gaban shago. Na ce, "Yaya, kan kifinka har ya fara tambayarka." Ya ce, "Sannu da aiki, Somoe." Ya wuce.

Somoe. Tun da Inna ta haife ni bai kira ni da sunan nan ba sai ranar da ya zo gaya mini ta rasu.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Na je Gefen Daji da gishiri da man girki. Ba ya nan, wai ya shiga zagaye. Mutumin da ake shirin kora, ba a biya shi ba damina biyu, da ƙafa ɗaya da rabi, ya tafi zagaye.

Mwanahawa tana tuƙa tuwon rogo. Ta ce, "Auta, ke da bakinki ya fi rediyo, ki yi magana ranar Juma'a mana. In kika tsaya kika ce yana kwance ranar, wa zai musa miki?"

Na ce, "Ai kowa ya sani."

Ta ce, "Kowa ya sani, amma kowa yana da ɗan'uwan da Yayanki ya taɓa kamawa da gatari. Har ƙanena bai bari ba, kin manta? Shekara uku uwata ba ta ci abincin gidan nan ba." Ta buga muciya a bakin tukunya. "Na ce masa ya rantse da Alƙur'ani a gaban jama'a ba shi ya yanke ba. Kin san abin da ya ce? Wai in ya rantse, sai a tambayi wa ya yanke."

Na ce tuwon zai kama. Ta ce ba zai kama ba, ta san tukunyarta.

Ta ba ni zuma a kwalba. Na karɓa. Na karɓa fa.

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

Na auna wa wata tsohuwa riɗi, ta ce ba sai ta duba sikeli ba, tunda Somoe ce. Ƙauye huɗu suke tsallake dillalai su kawo mini. Wannan sunan shi ne shagon, ba kwanon rufin ba. Mace ba miji, 'ya'ya biyu a makaranta a Lindi. Ranar da aka ce Somoe ta rage awo, ko ruwa na auna ba mai saye.

Ba hujja nake kawowa ba. Lissafi ne kawai irin na 'yan kasuwa.

Talata, 19 ga Agusta, da asuba

Zan faɗa. Na shirya maganar tsaf, har inda zan tsaya su yi ihu, har inda zan ce to ku da kuka ci rabon masu gadi fa?

Don akwai wannan ma. Bayan motar Mtopa ta fita cike, an zauna rabo, na ce yau dai tukunya za ta kai ƙarshen layi. Sai aka ɗaga hannu aka ce a fara gyara rufin ofis, a sayo lasifika don taro. Masu gadi, baɗi. Na yi magana har muryata ta dushe, hannu biyar kawai na samu, huɗu 'yan Gefen Daji ne. Ko takalmi ɗaya bai fito daga cikin yatsu huɗun nan ba. Nasa har yau da waya yake ɗaure.

Zan faɗa.

Juma'a, 22 ga Agusta, da la'asar sakaliya

An yi taron. Lasifikar tana aiki sosai.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Ban buɗe shago ba. Bari in rubuta yadda ya kasance, ko zai fita daga ƙirjina.

Gari ya cika har kan katangar makaranta. Baba Ngaunje ya ɗaga igiyar sama ya ce wanda ya san yadda aka yi ya tashi. Na dafa gwiwa. Wallahi na dafa, na ɗaga daga kujera kamar taki ɗaya. Ina gyara zani ke nan sai na ji muryarsa daga baya, bai ma karɓi lasifika ba.

Ya ce, "Igiyata ce. Ni na tufka ta. Abin da ya same ta, a wuyana yake."

Baba Ngaunje ya ce, "Kindamba, tambayar ita ce, kai ka yanke?"

Ya ce, "Na faɗi abin da zan faɗa."

Sai wuri ya ɓarke. Wani ya ce ashe mai kama ɓarayi shi ne babbansu. Wani ya ce a dawo masa da gatarinsa na shekara bakwai. Wata ta yi guɗa. Mwanahawa ta juyo tana nemana da ido cikin mutane, ta same ni rabi a tsaye rabi a zaune, ta yi mini alama da hannu, tashi, tashi.

Na zauna.

Ni Somoe, wadda na taɓa sayar wa mai kamun kifi kifi. Aka ɗaga hannu. Ban ɗaga ba, ban kuma hana ba. An ba shi kwana bakwai ya sauke amyoyinsa.

Lahadi, 24 ga Agusta

Ban ci komai ba. Kwalbar zuma tana kallona.

Litinin, 25 ga Agusta, da azahar

Na je gidan Baba Ngaunje da gwangwanin shayi a cikin gyale. Na same shi yana gyaran rediyo. Na ce, "Baba, na zo da magana a kan igiya." Na fara buɗe murfin, sai ya ɗora hannunsa a kai ya danne.

Ya kira ni da sunan mahaifina ya ce, "'Yar Nandonde, takarda ta tafi Kilwa tun jiya. An ce in mun hukunta mai laifi za a buɗe mana sara baɗi. Gari ya samu mutum ɗaya, ba ya neman na biyu."

Na ce, "Ba shi ba ne."

Ya ce, "Ni yaro ne? Mutumin da ya kama surukinsa zai yanke igiya? Amma in aka ce 'yar kwamiti ce, mai riƙe da makulli, kwamitin duka ya tafi, dajin ya koma hannun gunduma. Shi ya gane haka kafin ke. Rufe abin shayinki ki tafi gida."

Na ce, "To shi fa?"

Ya ce, "Allah zai saka masa." Ya koma kan rediyonsa.

Baɗi, da Allah zai saka masa. Albashin Yaya ke nan tun da farar mota ta tafi. Kuma abin da ya fi ci mini rai, da na fito daga gidan na ji sanyi a raina. Na ji sanyi. A rubuta wannan ma.

Laraba, 27 ga Agusta, da yamma

Ya gama sauke amyoyi. Ba lokacin ɗiba ba ne, ƙudan sun watse, rabin saƙar ba komai. An ce a jere ya jingine su a bakin iyaka, wajen farin fenti, ƙafarsa ɗaya ba ta ƙetare ba bayan ya fito da na ƙarshe. Ba inda zai rataya su. Gefen Daji ba sauran bishiya sai a cikin daji.

Mwanahawa ta wuce zuwa injin niƙa. Na gaishe ta. Ta ce, "Kujerar ta yi miki daɗi, ko?"

Litinin, 1 ga Satumba, da hantsi

Ya zo shago da sassafe, da jaka a kafaɗa. Motar Liwale ta ƙarfe takwas zai bi. Wani mai kuɗi yana buɗe sabuwar gonar riɗi a can, yana neman masu saran daji, ana biya kowace Asabar. Mwanahawa za ta bi shi bayan damina.

Ya ce, "Kina da ruwan gatari?"

Na ce, "Yaya, kai da gatari?"

Ya ce, "Mai kyau nake so, ba irin wanda kike sayar wa baƙi ba."

Na ɗauko masa. Na ce ya bar kuɗinsa. Ya ajiye su a kan kanta ya danne da dutsen sikeli. Na buɗe baki, duk maganar da na shirya tun ranar Talata ta taso, na ce, "Yaya, ni ce..."

Ya ce, "Ƙullin masu kifi ne. Inna ta koya miki a bakin murhu, ina zaune ina fere rogo. Ni ban taɓa iya shi ba." Ya miƙo hannu. "Mu ga guntun."

Na ɗauko gwangwanin na zazzage masa a tafi. Ya ɗora shi a kan yatsunsa ya auna. Ya ɗan yi murmushi.

Ya ce, "Uku ne a nawa. Hannunki ƙarami ne, Auta."

Nan na fashe. Na ce don takalminsa na yi, don kifin kyanwa na yi. Ya ce ya sani, shi ya sa ya tashi kafin in gama gyara zani. Ya ce, "Amma bishiyoyin nan, na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda na ɗaure wa ƙaya tun tana kamar sandar makiyayi, don kada barewa ta ci. Da kin bari shekara goma sha biyar, da sun isa. Wannan ne ban san inda zan ajiye shi ba."

Na ce ya tafi da guntun, ya ƙona, ya yi yadda ya so. Ya mayar mini a kan kanta.

Ya ce, "Riƙe abinki. Inda za ni ba a awo. Babba da yarinya duk sara ake."

Motar ta yi ham. Ya saɓa jaka, yana ɗingishi, gatarin a hannu.

Asabar, 6 ga Satumba, da la'asar

An yi shela a lasifika ana neman sabon shugaban masu gadi. Kwana uku, ba wanda ya fito. Sauran biyun ma sun ajiye.

Tun azahar hayaƙi yake tashi ta wajen rafi, cikin iyaka sosai, inda amyoyinsa suke da. Kowa a kasuwa ya gani. Wata ta ce wa za a gaya wa? Sai duk suka juyo suna kallona, don ni ce mai makulli.

Na buɗe akwatin. Fenti yana nan, takardu suna nan. Igiyar tana Kilwa.